Gadon da Na Kai Gasa

A gasar haɗa wasan kwamfuta a Dutse, saƙo ya shigo waya cewa jigon bana kalma ɗaya ce: Gado. Ni kuwa na ɗauka gadon kwanciya ake nufi. Ban tambayi kowa ba, ai ina ganin na wuce tambaya. Cikin kwana biyu na haɗa wasan farautar kuɗin cizo a kan katifa, har da sautin soshe-soshe.

Ranar nuni, wannan ya kawo ƙirar kakanni, waccan ta kawo saƙar tabarma. Ni kuwa na haska katifata a bango.

Shugaban alƙalan, wani dattijon malami, ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, gadon kakanni muke nufi. Ko kuɗin cizon ka gada?"

Har yau a Yalwawa abokaina cewa suke, "Magaji, ya katifa?"