Buɗewar da Babu a Littafin Malam Dayyabu

A gasar ces, wato darar Turawa, ta jiha da aka yi a Kaduna, akwai wani malamin lissafi, Malam Dayyabu, da ya shafe wata uku yana haddar wata buɗewar wasa mai suna Sisiliyan, taku ashirin daki-daki, daga wani littafi mai kaurin bulo. Wanda ya ci wasan ƙarshe shi zai wakilci jiha a Abuja. Malam kuwa tuni ya ba tela ɗinkin tafiya, har ya yi sallama da abokan aiki. Da ya ga abokiyar karawarsa a wasan ƙarshen, Sista Lantana, ungozoma ce da ta koyi wasan a waya, sai ya gyara zaman hula ya soma tausaya mata.

Ta tura soja, ya tura nasa yadda littafi ya ce. A taku na biyu sai baiwar Allah ta ɗauki sojan can gefe, wanda ko kallonsa ba a yi, ta tura. Malam ya laluba haddarsa kaf, babu wannan. Minti arba'in yana zaune yana zufa, agogon wasa na cin lokacinsa. Har ya kira alƙalin wasa ya kai ƙara, wai ana yi masa wasa ba bisa tsari ba. Alƙali ya leƙa allo ya ce shi dai bai ga dokar da aka karya ba.

Daga nan komai ya watse. Doki ya tafi, sarauniya ta bi shi, a taku na goma sha tara aka ritsa sarkin Malam a lungu. Ko ƙarshen haddar bai kai ba.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga jama'a sun kewaye teburin. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce, "Sista, wannan ai ba ces ba ne, kame-kame ne. Kowace buɗewa a duniya da sunanta. Wannan da kika yi, mene ne sunanta?"

Ta ce ita ba ta sani ba.

Ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Ko sunan abin da ta buga ba ta sani ba."

Sista Lantana ta rataya jakarta, ta ce, "Yo Malam, yanzun nan fa aka haife ta, a gabanka. Bari kwana bakwai su cika, kai za a yi wa takwara."