Rasuwar Baba Tanko, Safar Ƙafar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mama Martha Bulus ta Narayi, tsohuwar malamar firamare, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Baba Tanko, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu da wata ɗaya a duniya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, asalinsa safa ce ta ƙafar hagu, ruwan toka. Mai ita Alexander ne, ɗan farin Mama Martha, ma'aikacin masaƙa, wanda ya fita da safe a rikicin watan Fabrairu na shekarar dubu biyu, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba har yau. A ƙullin kayan da aka tsallako kogi da shi lokacin gudun rikicin aka tsinci safar, ita kaɗai, babu 'yar'uwarta.

A lokacin ana ta cewa soja sun koma bariki, yanzu kowa yana da bakin magana. A gidan Mama Martha kuwa a shekarar ne baki ya rufe. Jikarta Jummai, 'yar Alexander, mai shekara shida, ta daina magana ɗungurungum. Masu shawara ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Wasu suka ce a yi azumi, aka yi. Wasu suka ce bulala biyu za ta buɗe bakin. Mafi yawa suka ce kada a ƙara ambaton uban, yaro mantuwa gare shi. Shekara talatin da ɗaya Mama Martha ta yi a gaban allo, ba ta taɓa gamuwa da wannan yaro mai mantuwa ba.

Sai ta ɗauki allura da safar. Maɓalli biyu suka zama idanu, ƙyallen zanen Zumuntar Mata ta coci ya zama hula, Jummai da kanta ta manna masa gemun auduga, a karkace. Kwana tara yana zaune a hannun yarinyar bai ce uffan ba. A na goma, da wata siririyar murya ta hanci, ya ce, "Ni ba na tsoro. Jummai ce ke tsoro."

Marigayin bai san kunya ba. Ya ce wa Fasto, "Wa'azinka ya yi tsawo." Ya ce wa Mama Martha, "Kaka, miyar nan ba gishiri." Ya buɗe asibiti a cikin kwali, inda ya yi wa gwangwanayen madara allura, ya gina gada da karan dawa, ya tsallakar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga su, kada a bar kowa a baya. Shi ne kuma ya yi tambayar da manya suka kasa: "Mai safar nan, wa ya rufe shi?" Ta bakinsa Jummai ta koma makaranta. Ta bakinsa take amsa sunanta a aji.

Ya daɗe yana fama da ciwon diddige, an yi masa faci sau huɗu. Amma ba shi ne ajalinsa ba. Monday, ƙanin Alexander, ya zo daga ƙauye rabon tufafin wansa kamar yadda aka saba. Ya ji muryar, ya gane safar, fuskarsa ta canza. Ya ce kayan mamaci ba ya magana sai da dalili, ya fizge shi ya jefa a murhu. Da muciya Mama Martha ta ciro abin da ya rage. Ba ta tsine wa Monday ba. Ita ta haife shi, ta kuma san shi ma shekara biyu ke nan bai yi kuka ba.

Marigayin ya bar maɓalli ɗaya, asibitin kwali, majinyata gwangwani bakwai, da Jummai, wadda tun ranar Talata ba a ji ta ba. Shekaranjiya dai ta jawo kakarta bayan gida, ta nuna gindin gwanda, ta zana wuri da yatsa.

Can za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, bayan uwar Jummai, Rhoda, ta taso daga kasuwar Sabon Tasha. Akwatin gawar kwalin takalmi ne. Wannan ne karo na farko da gidan zai sa wani abu na Alexander a ƙasa, don haka a zo da shiga ta mutunci. Monday ne zai haƙa ramin.

An ba Jummai jawabin bankwana. Babu wanda ya san ko za ta yi shi. Mama Martha tana roƙon masu zuwa abu biyu: kada kowa ya ce mata ta daina kuka, kuma idan ta tsaya shiru, kada matan Zumunta su ta da waƙa don cike wurin. Za a jira ta.