Ranar da Na Wanke wa Sojoji Tarkon Sauro

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda na rubuta wannan. Abu ne da ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen Sheme ba za su bari ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da yaran garinmu, sai likitocin soja suka zo daga wata cibiyar bincike. Shugabarsu, wata Hajiya mai kaki, ta ce tun asali an kafa cibiyar ne don zazzaɓi ya fi harsashi kwantar da soja. Suka rataya wani abu mai fitila da raga a ɗakina, wai gobe za su karɓa. (Sun yi bayani, amma ni da na ga kaki kunnena ke toshewa.)

Da safe na duba, ragar fal da sauro. Kayan hukuma, amana a hannuna, ga shi ya ƙazantu. Mu kuwa ko kwanon maƙwabci ba mu mayarwa ba wanki, ba mu kuma mayarwa wayam. Na kakkaɓe sauron a bayan danga, na wanke ragar da sabulu, matata ta zuba dafaffen ƙwan zabi a ciki.

A gaban Maigari na miƙa da hannu biyu. Hajiyar ta leƙa.

"Malam, ina sauron?"

"Ranki ya daɗe, na kore su tas."

"Su muka zo ɗauka. A jikinsu muke neman cutar."

Wani soja ya gyara bindiga a kafaɗa, na fara tunanin wa zai nome mani dawa. A yankinmu wanda motar soja ta ɗauka, ko ya dawo, mutuncinsa ba ya dawowa.

Maigari ya ce, "Hajiya, a yi mashi haƙuri. Wannan ko akuya ya aro sai ya yi mata wanka."

Ta yi dariya har da dafa mota. Ta ɓare ƙwai ɗaya, ta ce a sake rataya mani tarkon, amma kar na sake korar mata baƙi.

Tun ranar na gane tambaya ta fi sabulu araha.

Abu ɗaya ya rage yana cina: ban sani ba ko kwanan da na ɓata masu ya jinkirta wa yara magani. Duk wanda ya san aikin cibiyar nan, don Allah ya sanar da ni abin da suka samu a sauron ɗakina.