Ranar da Na Kori Kakakin Majalisa

Ba zan taɓa mantawa da watannin farko da na yi ina shugaban ƙasa ba, ko da yake ƙasar a cikin waya take. Ni tela ne a kasuwar Gwandu, kuma sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Mutane sun san ni da haƙuri. Ana iya dawo mini da riga sau uku a ce wuya ya matse, in kwance in sake, ban ce uffan ba.

Malaminmu, Malam Bashiru, shi ya sa mu a wani wasa na intanet don hannunmu ya saba da rubutu. Ana ƙirƙirar ƙasa, a yi zaɓe, a kafa majalisa, a yi dokoki. Ya haɗa ajinmu da wani aji na Kalgo, muka sa wa ƙasar suna Jamhuriyar Fadama. Sharaɗin shi ne babu murya, babu hoto, babu sunan gaskiya, komai sai a rubuce. Ni na kira kaina Mai Sanyi. Aka zaɓe ni shugaba (ina zaton don ba na yawan magana ne, alhali rubutun ne ke yi mini wuya).

Tsarin mulkinmu ya ba shugaba ikon korar duk wanda ya ga dama daga majalisa. Ranar da na fara gwadawa, na danna wuri ɗaya sai mutum ya ɓace. Wallahi daɗin da na ji, ban taɓa jin irinsa a kan keken ɗinki ba. Daga nan wanda ya yi mini gardama, waje.

Sai Kakakin Majalisa, wani ɗan ajin Kalgo mai suna Ƙaya, ya kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki: shugaba ba zai ƙara korar kowa ba sai majalisa ta jefa ƙuri'a. Na ture ɗinki gefe, na zauna da yatsa ɗaya na rubuta masa amsa. Na daɗe ina gogewa ina gyarawa, don ita ce doguwar magana ta farko da na rubuta ba wanda ya taimake ni: "Kai yaro ne, ba ka san mulki ba. Je ka tambayi manyan gidanku." Na aika, na kore shi. Malam Bashiru ya dawo da shi, na sake korar sa.

Da rigima ta yi yawa, Malam ya ce a haɗu ido da ido a wata makarantar firamare a Kalgo, a yanke hukunci kan ƙudurin. Na sa babbar rigar da na ɗinka wa kaina, na hau babur da niyyar in ga yaron nan.

Ina shiga harabar sai ga surukina, mahaifin matata, wanda ke noma a Dangoma, zaune a inuwa. Na cire takalmi na durƙusa.

"Mi ya kawo ka Kalgo da wagga riga?"

"Baba, wani ɗan aiki ne."

"Awo. Ni ma ɗan aiki na," in ji shi, yana kallon wani gefe.

(Ni ban taɓa gaya masa ina zuwa aji ba. Ashe shi ma bai gaya wa kowa ba.)

Aka shiga aji. An ajiye kujera ɗaya a gaba, sauran mutane a kan benci. Malam ya ce, "Shugaban ƙasa, Mai Sanyi!" Na tashi na hau kujera, aka tafa. Sai ya ce, "Kakakin Majalisa, Ƙaya!" Daga bencin baya wani ya yi gyaran murya ya dogara sanda ya miƙe. Baba ne.

Ban san lokacin da na zame daga kujerar ba. Na tsinci kaina tsugune a ƙasa, takalmi a hannu, hula ta karkace.

"A'a, ranka ya daɗe, koma bisa kujerarka," in ji Baba. "Mu talakawa ne."

Malam Bashiru bai san dangantakarmu ba, don haka ya ce Kakaki ya karanta hujjarsa, tunda karatu muka zo koya. Baba ya ɗaga waya nesa da fuska, ya fara, gaɓa bayan gaɓa: "Kai... ya-ro... ne." Ya tsaya ya dube ni, ya ci gaba. Da ya kai "manyan gidanku" sai ya ce, "Na duba gidanmu, ban iske wanda ya girme ni ba. Shi ya sa na taho in tambaye ka."

Wani daga ajinmu ya raɗa wa na kusa da shi ko wane ne tsohon, magana ta zagaya, dariya ta ɓarke har Malam ya riƙe tebur. Aka jefa ƙuri'ar amincewa da ƙudurin, hannuna ne ya riga na kowa tashi, ina tsugune.

Nan take na ce na yi murabus. Baba ya ce a ƙarƙashin sabon tsari, murabus ma sai majalisa ta amince, kuma ba ta amince ba. Har yau ni ne shugaban Jamhuriyar Fadama, ba na iya korar ko kaza, kuma duk takardar da zan sa wa hannu sai ta bi ta wurin surukina.

Abin da na koya shi ne, haƙurin da ake yabona da shi, rashin wurin dannawa ne kawai. Yanzu duk wanda ya yi mini gardama a waya, da "Baba" nake fara ba shi amsa, har sai na ga fuskarsa.