Yadda Za Ka Ɗaura Tutar Surukinka a Kan Hasumiya Alhali Kana Tsoron Tsani

Wannan jagora na sabon ango ne da ya auri 'yar masunta a gaɓarmu ta Konkan, sai daga baya aka sanar da shi cewa ranar da jirage za su koma teku bayan damina, shi ne zai hau tsohuwar hasumiyar fitila da ke tsibiri ya ɗaura tutar gidan surukinsa. Bi matakan nan a jere. Tuta za ta tashi, kai kuma ka koma gida da ƙafafunka biyu. An gwada su bara a kan Madhukar, mai yankar tikiti a tashar mota, ɗan tudu da bai taɓa hawa abin da ya fi kujera tsawo ba.

1. Kada ka tambayi abin da zai faru in ka kasa

Za a gaya maka, kuma ba zai amfane ka ba. Gidan da tutarsa ba ta tashi ba, jiragensa ne ke fita ƙarshe, bayan kowa ya kama wurin zuba taru. Maigidan kuma zai shekara ana gaishe shi da murmushi a kasuwar kifi. Madhukar ya tambaya. Surukinsa Bhiku, mai jirage uku, ya yi masa bayani dalla-dalla, sannan ya tura masa kwanon shinkafa da miyar kifi ya ce, "Ci, gobe kana buƙatar ƙafa."

2. A cikin jirgi, riƙe kwakwa

Za a ba ka kwakwa ka jefa wa teku. Kama ta da hannu biyu ka matse a ƙirji, ba wanda zai gane tsoro kake ji. Sai dai kada ka manta ka sake ta. Madhukar ya manta, har Pandu, yayan matarsa da ke tuƙi, ya yi magana.

"Angon gida, ba jariri ba ne, jefa mana."

"Ina jiran wuri mai zurfi ne, Yaya."

"Ko'ina mai zurfi ne. In ba ka yarda ba leƙa."

Kada ka leƙa.

3. Nuna sha'awar tarihi

Da an sauka za ka tarar da ƙofar ganuwa, da matakala mai gansakuka, da saiwar ɓaure da ta tsaga bango gida biyu. A cikin ciyawa akwai igwa uku a kwance. Kowacce za ta iya saya maka minti goma. Durƙusa, auna bakinta da hannu, gyaɗa kai, tambayi wanda ya ƙera ta. Ba wanda ya sani, don haka za a yi gardama, gardama kuwa lokaci ce.

Madhukar ya samu minti ashirin da biyar. Yana kan igwa ta uku Bhiku ya ɗora masa tuta a kafaɗa.

"Ɗana, ƙarfen nan shekara ɗari uku yana nan, zai jira ka. Ruwa ne ba ya jira. Nan da awa ɗaya zai janye, jirgi ya zauna kan dutse."

"To, Baba."

4. Shiga da sauri

Maza za su tsaya a bakin ganuwa da ganguna, mata su wuce wajen rijiyar da ke bayan hasumiya su buɗe abinci. Shigarka kaɗai mutane za su gani, don haka kashe duk jarumtarka a kanta.

A ciki akwai matakalar dutse sittin da biyu. Bi jikin bango. Jemagu za su fito, gidansu ne. A ƙarshen matakalar akwai ɗakin da masu tsaron fitila ke ajiye mai a da. Daga nan sai tsanin ƙarfe, wanda tsatsa ta cinye sanduna uku a tsakiyarsa, ya miƙe zuwa inda fitilar take kafin a kwashe ta. Yanzu ba abin da ke wurin sai iska.

5. Zauna

Madhukar ya kama tsanin, tsatsa ta zubo masa a hannu kamar garin barkono. Ya ɗora ƙafar dama, ta hagu ta ƙi bi. Ya sake gwadawa da ta hagu, sakamako bai sauya ba. Sai ya zauna a kan wata tsohuwar gangar mai, tuta a cinya, yana jin kiɗa daga ƙasa, ya fara shirya maganar da zai yi wa Bhiku. Ya shirya iri huɗu. Duk sun ƙare da neman canjin wurin aiki zuwa tasha mai nisa da teku.

Wannan zama ba ragwanci ba ne. Mutumin da ke zaune ba ya faɗuwa.

6. In ka ji takun ƙafa, kada ka yi ihu

Ba aljani ba ne. Madhukar ya ɗaga kai ya ga matarsa Shewanti, ta biyo ta ƙaramar ƙofar da ke wajen rijiya, ta ɗaure zanenta tsakanin ƙafafu kamar za ta sauke kifi.

"Maigida, miƙo."

"Me kike yi a nan? Ina hutawa ne, yanzu zan..."

"Na gani. Miƙo, na bar gurasa a buɗe, hankaki na jira."

Ta kama tutar da haƙori, ta hau, ta tsallake gurbin sanduna uku ba tare da ta dubi ƙasa ba. Bayan minti huɗu kiɗa ya sauya, ihu ya tashi daga bakin ganuwa. Ta sauko, ta goge tafukanta a gaban farar rigarsa, ta ƙara masa a goshi.

"Ka ƙirga ɗari biyu kafin ka fito. Ka yi haki."

"In Baba ya gane fa?"

"Inna ce ta ɗaura masa tasa a zamaninsa, da cikin Pandu wata uku. Har yau yana ba da labarin. Kada ka nuna ka sani."

7. Sauko a gajiye, ka taƙaita magana

Madhukar ya fito yana haki, rabinsa na gaskiya. Bhiku ya rungume shi gaban jama'a, ya dubi tsatsar da ke rigarsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yaya iska a can sama?"

"Da ƙarfi, Baba."

"Haka take. Ni ma haka na same ta."

Surukarsa Hirabai tana gefe tana rabon gurasar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba, ta dai ƙara wa 'yarta guda biyu. Jiragen Bhiku ne suka fita na biyu a wannan rana.

Sanarwa: mai wannan jagora bai ɗauki alhakin karaya, cizon jemage, ko rigar da tsatsa ta ɓata ba. Bai san komai ba game da wanda ya kasa riƙe bakinsa a gaban surukinsa. Wanda kuma ya ɓata wa matarsa rai da safe sannan ya shiga jirgi, ya nemi wani jagoran.