Wanzamin Albasa

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi in fahimtar da matan Badaguishiri dalilin da ya sa ake biyan su ƙasa da maza.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga wani horon noma na mako biyu a Tawa ba, kaina cike da bayani kamar zai fashe. Sai Kawu Illa ya damƙa mini garkarsa ta albasa, ya ce in kula da ma'aikata, shi zai je Konni ganin likita. Wayyo daɗi! Na zuba farar shadda, na soka biro biyu a aljihu (ɗayan ma ba ya rubutu), na nufi garka ina jin kaina wani babban darakta.

A garka maza ke tonon albasa da ɗaukar buhu, mata kuma su zauna suna yanke lawashi, wato ganyenta. Ina isa, Inna Hajo, shugabar matan, ta tare ni. Ta ce ko dai a daidaita ladan wuninsu da na maza, ko su ajiye wuƙaƙe yanzu. Ga albasa an tone ta jibge a rana, in suka tafi kafin Kawu ya dawo ta dahu.

Mai hankali haƙuri zai ba ta. Ni kuwa murna ce ta kama ni, ga muhawara ta same ni har gida! Na haye kan buhu, na gyara murya.

"Inna, abin ga ba zalunci ba na, ilimi na. Na ɗaya, namiji ƙarhi yaka saidawa. Na biyu, kuna tashi ku tai girki da shayarwa. Na ukku, kuna kwasar lawashi ku yi gabu ku saida."

Maza suka ɗauki tafi, ni kuma kaina ya ƙara kumbura.

"Lawashin da in ba mu kwashe ba awaki ka ci?" in ji wata Rabi. "Mazan kuma da ka tashi shan shayi sau huɗu, an taɓa rage musu?"

Tafi ya tsaya cak. Da na ga ƙasa na zame mini, sai na saki maganar da ta kashe ni: "To wai aikin da aka yi zamne, shi ma aiki na?"

Inna Hajo ba ta yi fushi ba. Wuƙarta kawai ta miƙo mini. "Zamna, ɗana. Taho ka huta tare da mu."

Na zauna da zumuɗi, na shiga fyaɗa wuƙa har da 'yar waƙa. Ba a jima ba ido ya fara ruwa, hanci ya biyo baya, shadda ta koma koriya, na yanke yatsa na ɓoye shi a hammata. Amma tarin gabana ya fi na kowa tsawo, don haka na daure na ƙwala kira: "Ku taho ku ga aikin maza!"

Inna ta ɗauki ɗaya, ta juya ta. Ta ɗauki wata.

"Kai, aski ka yi musu? Wa ac ce maka a yanke wuya har nama? Yatsa biyu aka bari! Wagga in ta shiga rudu, ruɓewa za ta yi, ta ruɓad da 'yan'uwanta."

(Rudu shi ne rumbun da ake ajiye albasa har ta yi tsada. Ni a horon ba a kai mu nan ba.)

Duk tarin nan na ɓata shi. Na yunƙura in gudu daga dariya, baya ya ce bai san zancen ba. Sai da ƙarti biyu suka ciccibe ni kamar buhu, Rabi na bin su tana cewa su bi a hankali, mai ilimi ne. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Daga inuwa na kira Kawu a waya, na fara ba shi labari. Bai bari na gama ba.

"Wa ya aike ka? Albasata da ba ta ruɓewa, don hannun Hajo na! Ba ta waya."

Nan take ya daidaita musu lada, mata suka koma kan wuƙaƙensu suna guɗa.

Tun ranar, in na ga mutum na aiki a zaune cikin natsuwa, ba na cewa aikin sauƙi gare shi, na san iyawa ce ta rufe wahalar. In kuma ka je Badaguishiri nemana, kada ka ɓata lokaci da sunan yanka. Ka ce Wanzamin Albasa, har ƙofar gida za a kawo ka.