Mayafin Yaya a Jikin Farfela

Ba zan taɓa mantawa da wuƙar Kawu Hamza ba, don ita na fara gani ranar da muka sauka Yanbu, garin bakin teku a Saudiyya. Kowa na kallon teku, ni kuwa idona na kan wata 'yar wuƙa mai baƙar ƙota da ke rataye a wuyansa kamar laya. Na so in tambaya, amma a lokacin ko "a ƙara mini shayi" sai na yi bitarta sau uku a zuci kafin ta fito. (A makarantarmu ta unguwar Anbariyya a Madina malama ta yi wata biyu tana zaton ba na jin Larabci. A gida kuma baƙi na zaton ba na jin Hausa.)

Hutun makaranta ne, ina aji shida. Umma ta tura ni da Yaya Safiyya daga Madina mu yi mako guda wurin ƙaninta, mai jirgin kamun kifi na katako. Ya yi mana alkawarin zai kai mu inda ba a hango ƙasa. Na roƙi Yaya aron koren mayafinta mai furanni, wanda wata hajiya ta kawo mata daga Kano. Ta ba ni, tana cewa, "Ko ɗigon shayi na gani a jiki, khalas, shi ke nan, ba ke ba kayana."

Mun tashi da sassafe, mu uku. Tun a hanya na lura Kawu ya ɗaura tsumman goge inji a gajeriyar igiya ya saki ta gefen jirgi, ruwa na wanke masa shi. Dabarar ta burge ni.

Da hantsi ƙasa ta ɓace, cikina kuma ya fara juyawa. Na lallaɓa baya, bayan tulin taru. Amai ya taso, na tare shi da abin da ya fi kusa da bakina. Kun san ko mene ne.

Mai hankali zai ce, "Kawu, na yi amai." Ni sai na tuna da tsumman nan. Na samo igiya doguwa, na ɗaure mayafin, na zura shi ta bayan jirgi inda ba mai ganina. Har na fara yaba wa kaina. Igiyar ta fizge daga hannuna, jirgin ya yi wata irin girgiza, inji ya yi tari biyu ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ya fi nawa.

Kawu ya leƙa ƙasa. "Farfela ta naɗe wani abu," in ji shi. "Masu zubar da tsohon taru a ruwa ne. Allah ya shirye su."

"Amin," in ji Yaya.

Ni ma na ce amin. (Har yau ina jin kunyar amin ɗin nan.)

Ya nuna mana wani farin layi can nesa inda ruwa ke kumfa. Duwatsu ne a ƙarƙashi, iska kuma can take tura mu, inda muke kuwa ya yi zurfin da anga ba za ta kama ƙasa ba. Ya zare makullin inji ya miƙa wa Yaya. "Kada hannunki ya je kusa da injin nan sai na fito." Ya sa gilashin ninƙaya, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba ni bakinta.

"Ke, Malama Shiru, idonki ya fi namu. In kin ga babbar igiyar ruwa na tahowa, ki ja sau biyu, in ba haka ba gindin jirgi zai fasa mini kai. Kin ji?"

Na ɗaga kai. Ya ciro wuƙar daga cikin rigarsa, a nan na sami amsar tambayar da ban yi ba.

Ya nutse, ya taso ya sha iska, ya sake nutsewa. A karo na uku ya taso da wani abu a hannu, ya jefo shi cikin jirgi. Kore. Da rabin fure a jiki.

Yaya ta ɗauka da yatsa biyu. Ta dube shi, ta dubi kafaɗata da ba komai a kai.

"Kawu," ta ce a hankali, "tun yaushe masunta suka fara saƙa taru a Kano?"

Na so tekun ya buɗe in shige. Sai dai daidai lokacin na hango ruwa ya tashi kamar bango, Kawu kuma ya riga ya koma ƙasa. Na ja igiya sau biyu, ban ji ya amsa ba. Na kwanta a bakin jirgi na kwarara ihu, "Kawu, fito!" da wata murya da ban san ina da ita ba. Ko ihun ne, ko jan da Yaya ta taya ni, ya dai fito ta gefe, jirgin ya ɗaga ya faɗa inda kansa yake ɗazu.

Sai da ya nutse sau biyar kafin ya yanke sauran. Inji ya tashi, muka juya wa farin layin baya. Na faɗa musu komai, har da aman, kaina a sunkuye. Kawu ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Ya binti, 'yata, ni ma da na fara aikin nan kullum sai na ciyar da kifi. A teku abin da aka ɓoye shi ke kashe inji. Amma ashe kina da murya."

Yaya ba ta yi dariya ba sai da muka hango ƙasa. Ta miƙo mini guntun mai rabin fure, ta ce in ajiye, gadona ke nan daga kayanta.

Ranar na gane cewa kunyar da na guda ba ta cika tafin hannu ba, wadda na saya da shiruna kuwa ta tsayar da jirgi guda. Muna ɗaure jirgi Kawu ya ce bari ya je ya buga wa Umma waya, wannan labari ba ya jira. Na riƙe hannun rigarsa, kuma wannan karon ban yi bita a zuci ba.

"Kawu, don Allah ka bari ni in faɗa mata da bakina."